Ibzan na Baitalami: mahukuncin da ya yi mulki da surukuta

Wani ɗan'uwa mai nazarin Littafin Mahukunta na cikin Littafi Mai Tsarki ya aiko da tambaya a kan sura 12, aya 8 zuwa 10. Ya ce ya ga an kira wani mutum mai suna Ibzan mahukuncin Isra'ila, alhali ba a ambaci yaƙin da ya yi ko shari'ar da ya yanke ba, sai dai yawan 'ya'yansa da aurensu, sa'an nan ya ji ana cewa wai Ibzan shi ne Bo'aza mijin Rut, kakan mahaifin Sarki Dawuda. Yana so ya san ko wane ne wannan mutum, da kuma ko maganar Bo'aza tana da tushe.

Ɗan'uwa, maganar cewa Ibzan shi ne Bo'aza tsohuwa ce ƙwarai, kuma daga bakin manyan malaman Yahudawa ta fito, amma ba ta da madogara a cikin nassin kansa, ni kuwa ban karɓe ta a matsayin tarihi ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓangaren farko na tambayarka, domin wannan auren 'ya'ya da ka ga kamar ba shi da alaƙa da mulki, a ganina shi ne ainihin mulkin da mutumin ya yi.

Ga dukan abin da aka rubuta a kansa. Ya zo bayan Yefta, mutumin Baitalami ne, yana da 'ya'ya maza 30 da mata 30, ya aurar da matan zuwa waje, ya kuma auro wa mazan 'yan mata 30 daga waje. Ya shugabanci Isra'ila shekara 7, ya rasu, aka binne shi a Baitalami. Ba a faɗi sunan mahaifinsa ba, ba a faɗi kabilarsa ba, kuma sunan Ibzan bai sake bayyana a wani wuri a cikin littattafan Ibrananci ba. Duk abin da za ka ji a kansa wanda ya wuce wannan, daga sharhin mutanen baya ya zo, kuma ya kamata a auna shi da ma'aunin sharhi.

Rikicin farko daga fassara yake tasowa. Bahaushe in ya ji kalmar alƙali ko mahukunci, abin da ke zuwa masa a rai shi ne mutum a zaune a kotu, da mai ƙara da wanda ake ƙara a gabansa. Kalmar Ibrananci da aka fassara haka ita ce shofet, ma'anarta kuwa ta fi wannan faɗi, domin ta ƙunshi shugabanci da riƙon jama'a da daidaita al'amuransu. Muna da shaidar haka daga maƙwabtan Isra'ilawa masu harsuna 'yan'uwan nasu. A wasiƙun birnin Mari da ke bakin kogin Furat, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 18 kafin miladiyya, ana kiran hakimin da sarki ya naɗa a kan wani yanki da kalma mai wannan tushe, kuma a birnin Kartaj na Finikiyawa, a ƙasar Tunisiya ta yau, manyan shugabanni biyu da ake zaɓa kowace shekara suna ɗauke da irin wannan laƙabi. A cikin Littafin Mahukunta gaba ɗaya, Debora kaɗai aka nuna tana zaune mutane suna kawo mata ƙara, a gindin itacen dabino tsakanin Rama da Betel. Saboda haka idan nassi ya ce Ibzan ya hukunta Isra'ila shekara 7, abin da ya fi kusa da nufinsa shi ne ya riƙe ragamar jama'a na tsawon wannan lokaci, sulhu da yanke hukunci kuwa wani yanki ne kawai na aikin.

Laƙabin ƙananan mahukunta da ake yi wa Ibzan da ire-irensa ma ba na nassi ba ne, masana ne suka ƙirƙiro shi, kuma ƙanƙantar labari suke nufi, ba ƙanƙantar daraja ba. Mutum biyar ne ke cikin jerin da Ibzan yake, a wuri biyu, kafin labarin Yefta da bayansa. A farkon sura 10 akwai Tola ɗan Fuwa na kabilar Issaka, wanda ya yi shekara 23, da Yayir mutumin Gileyad mai shekara 22, sa'an nan a ƙarshen sura 12 akwai Ibzan mai shekara 7, da Elon na Zabaluna mai shekara 10, da Abdon ɗan Hillel mutumin Firaton mai shekara 8. Akan ƙara musu Shamgar ɗan Anat ya zama na shida, amma shi labarinsa daban ne, domin mayaƙi ne da aka ce ya kashe Filistiyawa 600 da sandar korar shanu.

Ka lura da waɗannan shekaru, domin suna faɗin wani abu. A labaran manyan mahukunta lissafin kan zo a dunƙule: ƙasa ta huta shekara 40 bayan Otniyel, 80 bayan Ehud, 40 bayan Debora, 40 a zamanin Gidiyon, Samson kuma ya yi 20. Wannan lissafi ne na mai ba da labari, wanda yake ƙirga zamani da tsara-tsara. Amma 23 da 22 da 7 da 10 da 8 sun fi kama da abin da aka kwafo daga wani tsohon jerin sunaye, irin wanda ake ajiye sunan shugaba da garinsa da shekarunsa da inda aka binne shi. Haka kuma babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da aka buɗe labarinsa da tsarin da littafin ya saba, wato jama'a su yi zunubi, maƙiyi ya danne su, su yi kuka ga Ubangiji, ya tayar musu da mai ceto. A kan wannan ne masana biyu Jamusawa, Albrecht Alt da almajirinsa Martin Noth, suka gina ra'ayinsu a rabin farko na ƙarni na 20, cewa waɗannan mutane sun riƙe wani muƙami ne na dukan kabilu, na tsare doka da bayyana ta, ɗaya bayan ɗaya. Noth ya ƙara da cewa Yefta, wanda ƙarshen labarinsa ya zo da irin wannan tsari na shekara 6 da wurin binnewa, yana cikin jerin kuma yana cikin jarumai, shi ya sa laƙabin ya bazu daga jerin zuwa kan sauran jaruman. Yawancin masana na yanzu sun bar batun muƙami guda na dukan Isra'ila, domin hujjar ƙungiyar kabilu mai tsari irin wanda Noth ya zana ta yi rauni, kuma ina tare da su a wannan. Sai dai abin da ya gano game da tsufan jerin da bambancinsa da sauran littafin yana nan daram.

Sai batun garinsa, wanda a kansa ne maganar Bo'aza ta rataya. Baitalami biyu ne a ƙasar. Akwai wadda kowa ya sani, ta Yahuza, kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima, garin Dawuda. Akwai kuma wata a arewa, a yankin Galili, kimanin kilomita 10 arewa maso yamma da Nazarat, wadda Littafin Joshuwa 19:15 ya lissafa cikin garuruwan kabilar Zabaluna. Dalilai biyu suka sa na fi karkata ga ta arewa. Marubucin Littafin Mahukunta, a sura 17 da sura 19 inda yake nufin ta kudu, yakan ce Baitalami ta Yahuza, yana maimaitawa, kuma haka Littafin Rut ya yi a farkonsa, amma a labarin Ibzan sunan ya zo shi kaɗai. Sa'an nan duk abokan jerinsa mutanen arewa ne da tsakiya da hayin Urdun, daga Issaka da Gileyad da Zabaluna da Ifraimu, wanda ya gaje shi kuwa, Elon, ɗan Zabaluna ne. Wannan ba hujja ce mai yanke gardama ba, domin marubucin tarihi Bayahude Yosifus, wanda ya kammala babban littafinsa na tarihin Yahudawa wajen shekara ta 93 miladiyya, ya ce Ibzan ɗan kabilar Yahuza ne. Amma Yosifus ya zo fiye da shekara 1,000 bayan zamanin da yake magana a kai, a lokacin da duk wanda ya ji Baitalami ba zai tuna da wani gari ba sai na Dawuda.

Ita maganar Bo'aza tana cikin Talmud na Babila, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, a sashen Baba Batra, shafi na 91, inda aka rawaito ta da sunan Rav, babban malamin da ya rayu a ƙarni na 3 miladiyya. Ba a tsaya ga haɗa sunayen biyu ba, an gina labari a kai. An ce mutumin ya yi liyafar aure 120, biyu-biyu ga kowane ɗaya daga 'ya'yansa 60, amma ko sau ɗaya bai gayyaci Manowa ba, wanda a lokacin bai haifi Samson ba tukuna, yana cewa da me alfadarin da ba ya haihuwa zai rama masa. Duk wanda ya san yadda gudummawar biki take zama tamkar bashi a tsakanin mutane zai gane zafin wannan magana ba sai an yi masa bayani ba. Labarin ya ci gaba da cewa dukan 'ya'yan nan 60 sun mutu tun yana raye, kuma matarsa ta rasu a ranar da Rut ta iso ƙasar, shi ya sa aka same shi dattijo mai dukiya ba mata ba magaji.

Ana iya ganin abin da malaman suke ƙoƙarin warwarewa. Littafin Rut ya buɗe da cewa abin ya faru a zamanin da mahukunta suke mulki, ya nuna Bo'aza babban mutum ne a Baitalami wanda ke tara dattawa a ƙofar gari, kuma yana kiran Rut 'yata, alamar ya manyanta, amma bai ce komai a kan iyalinsa na farko ba. A gefe guda ga wani mahukunci daga Baitalami mai iyali ba labari, a ɗaya gefen ga babban mutum daga Baitalami mai labari ba iyali, sai aka ɗinke su. Wannan hanya ce da malaman Talmud suka saba bi, ta haɗa wanda ba a san shi ba da wanda aka sani, kuma manufarta wa'azi ce. Zan yarda da abu guda a gefensu, wato lokaci bai hana ba, domin Bo'aza ya haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, kuma idan aka ƙirgo tsara uku baya daga Dawuda, wanda ya yi sarauta wajen shekara ta 1000 kafin miladiyya, za a faɗo kusa da ƙarshen zamanin mahukunta inda Ibzan yake.

Abin da ke gāba da ita ya fi nauyi. Littafin Rut bai kira Bo'aza mahukunci ba ko sau ɗaya, kuma da yana da wannan matsayi da wuya marubucin da ke son ɗaukaka zuriyar Dawuda ya yi shiru a kai. Sunayen biyu suna kama da juna ne a kunnenmu kawai, saboda mun rubuta su duka da harafin z, amma a Ibrananci baƙaƙen Ibzan su ne alef da bet da tsade da nun, na Bo'aza kuwa bet da ayin da zayin, harafi ɗaya tak suka haɗa. Yosifus ma, wanda ya riga Rav da fiye da ƙarni guda kuma ya yarda Ibzan na Yahuza ne, bai haɗa su ba, domin ya sa labarin Rut a zamanin Eli firist, bayan mutuwar Samson, kuma ya faɗi akasin abin da Talmud ya faɗa game da 'ya'yan, ya ce Ibzan ya mutu da tsufa ya bar su duka a raye.

Yosifus ya kuma yanke masa wani hukunci da ban yarda da shi ba, inda ya ce a shekara 7 na shugabancinsa bai yi wani abin da ya cancanci a rubuta ba. Wannan kallon mutumin da ya saba auna shugaba da yaƙi ne. Mu dubi abin da aure 60 yake nufi a wancan zamani. Tsakanin shekara ta 1200 da 1000 kafin miladiyya, bayan dutsen tunawa na Fir'auna Merneptah ya ambaci sunan Isra'ila wajen shekara ta 1208, mutanen tuddan ƙasar suna zaune ne a ƙananan ƙauyuka marasa ganuwa, suna noman hatsi da inabi da zaitun, suna kiwon tumaki da awaki. Babu sarki, babu fada, babu rundunar da ake biya. Ƙarfin mutum shi ne yawan waɗanda za su tashi idan ya yi kira, kuma hanyar tara irin waɗannan ita ce haihuwa da surukuta. Al'adar da aka fi sani kuwa ita ce auren zumunci, tuwona maina, domin kada gona ta fita daga dangi, kamar yadda Littafin Ƙidaya sura 36 ya umarci 'ya'yan Zelofehad mata su yi aure cikin kabilar mahaifinsu saboda gādo. Shi ya sa marubucin ya nanata kalmar waje har sau biyu a aya guda, domin abin da Ibzan ya yi ya saɓa wa abin da aka saba.

Mutumin da ya kai 'ya'yansa mata 30 gidaje na waje, ya kuma ɗauko mata 30 daga waje, ya ƙulla surukuta da gidajen da za su iya kaiwa 60, kowanne da danginsa da ƙauyensa. Ya biya sadaki sau 30, wanda Ibraniyawa ke kira mohar, kalma 'yar'uwar mahr ta Larabci, kuma wannan kaɗai ya isa shaidar dukiyarsa. 'Ya'ya 60 ba daga mace ɗaya suke fitowa ba, don haka shi kansa mai mata da yawa ne, kamar yadda aka faɗa a fili game da Gidiyon mai 'ya'ya maza 70. Idan rikicin rijiya ko na iyakar gona ya tashi tsakanin ƙauyuka biyu, mutumin da yake suruki a wannan kuma kaka a wancan shi ne wanda za a nufa, kuma maganarsa za ta zauna ba tare da ya zare takobi ba.

Inda aka sa labarinsa yana ƙarfafa wannan fahimta. Ayoyin da suka gabace shi kai tsaye su ne na yaƙin basasa tsakanin Gileyad da Ifraimu, inda mutanen Yefta suka tare mashigan Urdun suna sa kowane mai ƙetarewa ya ce shibbolet, wanda harshensa ya karkata ya ce sibbolet a yanka shi, har aka ce mutum 42,000 na Ifraimu suka hallaka. Daga wannan zubar da jinin 'yan'uwa sai mai karatu ya faɗo kan mutumin da aikinsa shi ne aika amare da karɓo amare. Sa'an nan Yefta 'ya ɗaya tak gare shi, babu wani ɗa ko 'ya bayanta, kuma ya rasa ta saboda wa'adin da ya yi da bakinsa, gidansa ya mutu tare da ita. An kewaye shi ta gaba da ta baya da masu zuriya, Yayir mai 'ya'ya maza 30 da jakuna 30 da garuruwa 30 kafinsa, Ibzan bayansa, sai Abdon mai 'ya'ya maza 40 da jikoki 30 a kan jakuna 70. Jaki a lokacin abin hawan manya ne, waƙar Debora ma ta ambaci masu hawan fararen jakuna a matsayin masu faɗa a ji. Cikin dukan waɗannan, Ibzan kaɗai aka ƙirga 'ya'yansa mata, kuma ban ɗauka katsaham ne hakan ya zo ayoyi kaɗan bayan labarin 'yar Yefta ba.

Akwai masu sharhi da suke karanta ayoyin da ido na zargi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa kalmar waje tana iya nufin wajen Isra'ila gaba ɗaya, kuma Littafin Mahukunta da kansa, a sura 3 aya 5 da 6, ya zargi jama'a da auro 'ya'yan Kan'aniyawa da aurar musu da nasu, abin da Maimaitawar Shari'a 7:3 ta hana. Suna ƙara da cewa tara mata da ƙulla ƙawance ta hanyar aure halin sarakuna ne, irin wanda Dawuda ya yi da ya auri Ma'aka 'yar Talmai sarkin Geshur, da wanda Sulemanu ya yi da 'yar Fir'auna, kuma tun daga Gidiyon, wanda ya ƙi sarauta da baki amma ya raɗa wa ɗansa suna Abimelek, wato ubana sarki ne, shugabannin suna ta karkata ga gina gidajen kansu. Sun kuma lura cewa maganar nan ta ƙasa ta huta, wadda ta rufe labaran farko, ba ta sake bayyana ba bayan Gidiyon.

Na yarda da rabin wannan. Gaskiya ne gidaje irin na Yayir da Ibzan da Abdon suna nuna al'umma da ke matsawa daga shugabancin jarumin da ya taso don wata masifa zuwa shugabancin gida mai dukiya da gādo, kuma wannan hanya ce ta kai ga ranar da dattawa suka je wurin Sama'ila suna neman sarki, labarin da Musulmi suka sani ta fuskar Ɗalutu, wato Saul, a Suratul Baƙara. Amma batun auren Kan'aniyawa ban ga ya tabbata ba. Wannan marubuci ba ya ɓoye zarginsa idan yana da shi. Ya faɗi cewa falmaran da Gidiyon ya yi ta zama tarko gare shi da gidansa, ya kuma nuna iyayen Samson suna yi masa faɗa a kan neman 'yar Filistiyawa. Da Ibzan ya ɗauko mata 30 daga masu bautar Ba'al, da ya ambaci sunan al'ummarsu. Ita wannan kalma ta waje an yi amfani da ita a Maimaitawar Shari'a 25:5 game da matar mamaci da aka hana ta auri baƙo a waje, inda ake nufin wajen dangin mijinta, ba wajen Isra'ila ba, kuma wannan ma'ana ce ta fi dacewa da labarin Ibzan.

Ƙarshen littafin yana nuna abin da ke faruwa idan aka yi akasin haka. A sura 21 kabilun sun rantse a Mizfa cewa babu wanda zai ba ɗan Biliyaminu 'yarsa, kuma da suka ga kabila guda za ta shuɗe saboda wannan rantsuwa, sai suka kai wa Yabesh-gileyad hari suka kwaso 'yan mata 400, sa'an nan suka ba sauran mazan izinin sace 'yan matan Shilo a wurin rawar idi.